Kuncin Zailani Na-Ikko

Wannan abu ya faru ne shekara biyu da ɓarkewar yaƙin Jamus, lokacin da jirgin ƙasa bai daɗe da fara kuka a Zariya ba. A Samaru, wadda a zamanin 'yan gidaje ce cikin gonakin dawa, akwai wani mutum ana ce masa Zailani Na-Ikko. Ya sami sunan ne daga wata tafiya da ya taɓa yi ta kwana tara. Shi ya ce Ikko ya je. Wani mutumin Bomo ya rantse a tashar Zungeru ya gan shi yana tallan rake, amma mutumin Bomon ba shi da murya irin ta Zailani, saboda haka maganar Zailani ce ta zauna.

Tun daga nan babu wani abin Turawa da bai sani ba. Ya taɓa gyara wa liman agogo, kuma tun ranar agogon yake kan ƙarfe huɗu.

Ana nan sai Madugu Hamza, wani dillalin goro a Sabon Gari, ya yi niyyar zuwa Ankara da kansa, can bakin teku inda ake loda goron Asante a jirgin ruwa. Zai hau jirgin ƙasa ranar Alhamis zuwa Ikko, daga can ya shiga na ruwa. Abin da ya rage masa shi ne tafinta mai jin Turanci. Labari ya kai Samaru da hantsi, kafin azahar Zailani yana zauren Madugu.

"Madugu, Turanci kake nema? Ni da har mafarki da shi nake yi? Tambayi Barakatu, ba ta gane abin da nake faɗa in ina barci."

Hamza mutum ne marar yawan magana. Ya ce, "To, madalla. Amma saboda yaƙi, yanzu ba a hawa jirgin ruwa sai da takardar tafiya mai hoto. Ni na yi tawa. Ka je ofis wajen akawu Julius, ka ji abin da ake so."

Julius yana zaune bayan tebur da alƙalami a kunne, yana kallon mutane kamar kowa ya zo ɓata masa tawada ne. Ya ɗaga yatsa ya fara lissafi. "Hoto biyu iri ɗaya. Fuska da kafaɗu kawai. Ka kalli gaba, ido buɗe, baki rufe. Farin ƙyalle a bayanka. Kai kaɗai, ba..."

"Malam Akawu, huta da bakinka," in ji Zailani. "A Ikko sau bakwai aka ɗauke ni. Har mai hoton ya roƙe ni in zauna in riƙa koya masa."

"Ina hotunan?"

"Turawa sun raba. Kowa yana son nasa."

Da ya koma gida, matarsa Barakatu ta tambaye shi yadda ake yin hoton. Ya ce abu ne mai wuyar bayani ga wanda bai fita ba. Ta ce, "Malam, in ba ka sani ba ka tambaya. Ba a dukan mai tambaya a Sabon Gari." Ya ce ta kawo masa ruwa.

Ranar Litinin da safe mutanen Sabon Gari suka ji kalangu daga hanyar Samaru. Sai ga Zailani bisa jakin aro, da riguna uku na aro, ɗaya kan ɗaya, da rawani mai girman kwando, da takobin da ya yi tsatsa har ba ya fita kube sai an taka. Wani yana riƙe masa laima. Rabin Samaru na biye, don ya faɗa musu duk wanda ya tsaya kusa da shi, shi ma fuskarsa za ta je Ankara.

Mai hoto ɗaya ne a garin, Sebastian, wani siririn mutumin Saliyo da ya koyi Hausa wajen leburorin reluwe. Kusa da shagonsa Tabitha mai ƙosai take kafa kaskonta, kuma babu abin da ke wucewa a layin nan ba ta sa baki ba. Ta dubi tawagar ta ce, "Sebastian, fito, an naɗa sabon sarki ba a gaya mana ba."

Sebastian ya fito, ya ƙirga kawuna, ya ce, "Wane ne mai tafiya?"

"Ni ne."

"To kai kaɗai. Sauka daga jaki. Cire laima. Kuma ji nan, maigida: gilashin hoto huɗu suka rage mini. Jirgin da ke kawowa bai zo ba saboda yaƙi. In sun ƙare, sun ƙare."

"Ɗaya ma ya yi mini yawa," in ji Zailani.

Aka ɗauki lokaci ana ciniki a kan rawani, har aka daidaita a kan zai tura shi baya goshi ya fito. Aka rataya farin ƙyalle a bango, aka zaunar da shi a benci. Sebastian ya kafa akwatinsa mai ƙafa uku, ya shige ƙarƙashin baƙin mayafi, ya fito, ya kama murfin idon akwatin, ya ce da Turancin bakin teku, "No muf!" Wato kada ya motsa.

Mutanen Samaru suka ce, "Na-Ikko, me ya ce?"

Zailani ya juya gare su. "Ya ce in matso." Ya miƙe da rigunansa uku, ya taho wajen akwatin yana gyara kafaɗa, har hancinsa ya kusa taɓa gilashin.

Sebastian ya shiga ɗakin duhu, ya jima, ya fito da gilashi yana ɗiga. Jama'a suka yi cincirindo. Abin da ke jiki wani hayaƙi ne sanye da rawani.

Tabitha ta leƙa ta ce, "A'a, wannan ai na san shi. Shi ne aljanin da yake tare mata a rafin Kubanni da tsakar rana."

"Haske ne bai yi ba," in ji Zailani. "A Ikko ranarsu ta fi wannan ƙarfi."

Aka mayar da shi benci. Wannan karon Sebastian da Hausa ya yi bayani, har sau uku. Yana cikin gyara akwatin sai Tabitha ta ce da mai sayen ƙosai, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Ka ga abin nan mai ƙafa uku? Sak irin bindigar da soja suka wuce da ita Kamaru. Ita ma haka mutum yake laɓewa a bayanta."

Zailani ya yi dariya, amma dariyar ba ta wuce haƙora ba. Ya zuba wa idon akwatin ido. Idon akwatin ma ya zuba masa. Sebastian ya cire murfi, ya fara ƙirga. A daidai uku, jakin aro, wanda ƙuda ya dama, ya kai wa wata garwar kananzir harbi. Ƙwaram!

Kafin ƙarar ta mutu Zailani yana ƙarƙashin benci yana salati, takobi ya tafi gabas, rawani ya tafi yamma. Jakin kuwa ya tako a hankali, ya tsaya gaban farin ƙyalle yana shinshina wurin da maigidansa ya bari.

Da gilashi na biyu ya fito, ga tafin ƙafa biyu a ƙasa, ga kuma fuskar jaki tsaf, har gashin kunne ana gani.

"Ido buɗe, baki rufe, yana kallon gaba," in ji Tabitha. "Madugu, ga tafintanka. Kuma shi ba zai ci maka guzuri da yawa ba."

Madugu Hamza, wanda ya iso lokacin, bai yi dariya ba. Ya dubi Zailani da ke kakkaɓe ƙasa ya ce, "Me ya kai ka ƙarƙashin benci?"

"Zobena ne ya faɗi."

"Ba ka da zobe."

"Shi ya sa nake nema."

Karo na uku kunya ta riƙe shi. Ya zauna kamar turmi, bai ko ƙifta ba har Sebastian ya gama ƙirga ya mayar da murfi. Jama'a suka yi kabbara. Sebastian ya zaro allon katakon da gilashin ke rufe a ciki, ya ajiye a kan benci, ya juya don ya kori jakin da ya fara cin baƙin mayafinsa.

Zailani ya dubi allon. Ya raɗa wa na kusa da shi, "Kun lura? Duk ɓarnar a ɗakin duhun nan ake yin ta. Lafiya lau nake shiga, a fito da ni aljani. Bari in duba kaina tun bai taɓa ba." Ya zare marfin allon, ya ɗaga gilashin sama cikin ranar azahar, ya juya shi gaba da baya.

"Jama'a, ku shaida! Babu kowa a ciki! Wayam!"

Sebastian ya waiwayo. Ya ɗora hannu biyu a ka. Sai ya buɗe baki ya yi ta zuba wani harshe da ba Hausa ba, ba kuma Turancin ofis ba, yana nuna Zailani, yana nuna rana, yana nuna sama. Babu wanda ya buƙaci fassara, amma duk da haka wani ya ce, "Na-Ikko, me yake cewa?"

"Yana ba ni haƙuri."

Da ƙyar Madugu ya lallashi mai hoto. Sebastian ya ce saura gilashi ɗaya, kuma ba zai taɓa shi ba sai an ɗaure mutumin nan. Zailani ya ce ya yarda, da sharaɗin shi zai zaɓi wuri, domin manyan Ikko ƙarƙashin itace ake ɗaukarsu. Ya zaɓi wani mangwaro a bayan shagon. Ya ce ganye ya tare haske, ya sa takobinsa cikin kube ya yi ta jibgar rassa har ya gamsu. Sannan aka rataya ƙyalle a jikin itacen, aka jingina shi, aka warware rawaninsa aka naɗe shi da shi tun daga ƙirji har gwiwa.

Ba a gama ƙulli na ƙarshe ba aka ji wani gunji a sama. A cikin rassan da ya jibga akwai gidan rina.

Duk mai ƙafa ya yi amfani da ita. Zailani ne kaɗai ba shi da wannan gata. Rina ɗaya ta sauko, ta zagaya shi sau biyu kamar mai zaɓen wuri, ta sauka a kuncinsa na hagu. Ihun da ya yi har ma'aikatan tasha sai da suka leƙo.

Da ƙura ta lafa aka dawo, kuncin ya tashi kamar ya ɓoye gwanda a baki. Idon hagu ya koma ɗan tsaga. Sebastian ya ce a bari sai ya saɓe. Madugu ya ce wankin hoto da bugawa zai kai Laraba, jirgi kuma Alhamis ne. Aka dubi Zailani. Ya yi ƙoƙarin magana, abin da ya fito shi ne, "Bauka."

"Ya ce ɗauka," in ji Tabitha. "Yau ni ce tafinta."

Aka ɗauka. Tunda aka haifi Zailani bai taɓa yin shiru irin na wannan ƙirgen ba. Sebastian ya fito daga ɗakin duhu yana murmushi, ya ce bai taɓa samun hoto mai kyan fita haka ba tun zuwansa Zariya.

Kwana biyu Barakatu tana shafa masa jar ƙasa da ruwan tsamiya. Ranar Laraba kunci ya koma daidai, baki ya dawo aiki, har ya fara ba da labarin yadda ya tsaya cak rina ɗari suna harbinsa bai motsa ba. Ya karɓi hotuna biyu, ya shiga ofis yana taƙama, ya ajiye su gaban Julius.

Julius ya dubi hoto. Ya dubi Zailani. Ya sake duban hoto.

"Ina mai hoton?"

"Ga ni."

"Wannan mutum yana da kumatu. Kai ba ka da su."

"Rina ce, Malam Akawu. Duk Sabon Gari sun gani."

"Sabon Gari ba za su bi ka Ikko ba. Bature a bakin jirgi zai dubi takarda, ya dubi fuska. In ba su yi daidai ba, ɗan leƙen asirin Jamus ne."

Madugu Hamza ya ce, "Malam Julius, na san mutumin nan da ubansa. Shi ne."

"Kai ka san shi, Madugu. Hoton bai san shi ba. Gobe kafin jirgi, ko ya kawo hoto mai kama da shi, ko ya kawo mai kama da hoton."

Julius ba'a ya yi. Zailani kuwa ya fita yana gyaɗa kai kamar wanda aka ba sirri.

Da asubar Alhamis Barakatu ta tarar da shi a tsakar gida da buhun gyaɗa da wuƙa, ya jingina hoton a jikin turmi yana aunawa.

"Malam, me za ka yi da buhuna?"

"Abin da hankalin akawu bai kai ba. Gilashi ya ƙare, amma rina ba ta ƙare ba. Zan rufe kaina, in bar ƙofa ɗaya daidai kunci, su yi aikinsu su gama."

Barakatu ta ajiye tsintsiya. "Inna lillahi. To ko haukar za ka yi, ai ka huda wajen da ba shi ba. Na hagu ne ya kumbura."

"Dubi hoto. Ina kumburin yake? Ga shi nan ta hannun damana."

"Malam, ni na shafa maka magani kwana biyu. Na hagu ne."

"Ke kika fi hoto sani? Abin da Bature ya ƙera da ilmi? Akawu da kansa ya ce ba a gardama da takarda."

"Wanda ke cikin hoton kallonka yake yi. Damarka hagunsa ce."

"Kin ga irin maganar wanda bai fita ba," in ji Zailani, ya yanke ƙofa ta dama.

Labari ya riga shi isa. Da hantsi bayan shagon Sebastian ya cika, har da waɗanda suka hau katanga. Sebastian ya kwashe akwatinsa ya kulle kansa a ɗakin duhu. Tabitha ta ƙi tashi, ta ce ba ta bar kasko don Jamus ba, balle don mutumin Samaru.

Zailani ya naɗe hannuwa da ƙafafu da tsumma, ya ɗauki doguwar gora, ya kifa buhu a ka, kuncin dama na leƙowa ta ƙofa kamar ƙosai ɗaya a faranti. Da yake ba ya gani, sai ya riƙa tambaya. "Ina gidan?"

"Sama kaɗan! Hagu! A'a, ɗaya hagun!"

Gorar da ke hannunsa ta fara sauka a kan wani mai kallo, sannan a kan tulun Tabitha, sannan, da ikon Allah, a tsakiyar gidan rina. Gidan gaba ɗaya ya faɗo.

Abin da ya biyo baya an daɗe ana labarinsa. Na kan katanga suka zubo kan na ƙasa. Mai kalangu ya gudu ya bar kalangu. Tabitha, wadda ba ta gudu don Jamus ba, ta kifa ƙwarya a ka ta bi layi tana kiran sunayen waliyyan da ba na cocinsu ba ma. Awaki suka shiga shagon tela. A tsakiyar fili kuwa ga Zailani tsaye cikin buhu, yana miƙa kunci yana kira, "Nan! Ta nan, bayin Allah!"

Uku suka amsa kira.

Ƙarfe goma sha ɗaya ya shiga ofis, jama'a na biye, wasu da kumburin goshi, wasu da na leɓe, duk suna son ganin ƙarshen abin da suka sha wuya dominsa. Jirgi yana tsaye a tasha yana huci. Madugu Hamza na bakin ƙofa da kayansa a ɗaure. Zailani ya ajiye hotuna, ya nuna kuncinsa, ya harɗe hannu.

Julius ya cire alƙalami daga kunne. Ya miƙe, ya zagayo tebur, ya ɗaga hoton ya kara shi kusa da fuskar Zailani yadda kowa zai gani. Fuska biyu suna kallon jama'a. Ta takarda ta kumbura ta wannan gefe, ta mutum ta kumbura ta wancan.

Sai muryar Tabitha daga taga: "Ku haɗa su biyun, a sami mutum ɗaya mai ƙiba."

Dariya ta ɓarke har da ɗan sandan ƙofa. Zailani ya yi ta nuni da hannu, yana son Julius ya juya hoton ta baya, ko ya zagaya ya dube shi ta ƙeya. Da wannan bai ci ba, ya nuna kuncin hagu, ya nuna hanyar mangwaro, ya ɗaga yatsa ɗaya alamar a jira shi.

"In ka yi na hagun ka zama mai biyu," in ji Julius. "Hoton ɗaya gare shi."

Jirgi ya yi kuka. Madugu Hamza ya matso, ya dubi tafintansa sama da ƙasa, ya ce, "Zailani, faɗi kalma ɗaya da Turanci. Kowace iri. In ka faɗa, zan jira jirgin mako mai zuwa."

Zailani ya tattara ƙarfinsa. Ya buɗe gefen bakin da ya rage. Duk abin da ya taɓa ji a tashar Zungeru ya gudu ya bar shi, sai guda ɗaya da ya ji a bakin Sebastian.

"Bo buf," in ji shi.

"To, kada ka motsa," in ji Hamza, wanda tuni Sebastian ya fassara masa "No muf". Ya saɓa kayansa ya nufi jirgi.

A kan jakin aro aka mayar da shi Samaru, mutanen da rina ta harba suna tafe a baya, kowa na faɗin abin da zai yi masa in ya warke. Da la'asar, bakin ya ɗan saki, yana kwance a tabarma yana gaya wa maƙwabta ta gefe ɗaya cewa laifin akwatin Sebastian ne, tsohon yayi ne, yana juya wa mutane kai. Na Ikko ba sa haka. Kuma ma ya fasa jirgin ruwa, da ƙafa zai je Ankara bayan girbi, ya ga wanda zai tambaye shi hoto a daji.

Barakatu ta fito da ƙoƙon jar ƙasa, ta durƙusa kusa da shi, ta tsoma yatsu, sai ta tsaya.

"Malam, wanne ne ke ciwo? Ko in ɗauko hoton mu duba?"